Juma'ar da Muka Saurari Sama a Sharada

Aikin farko da Malam Garba ya ba ni a shagonsa na Bompai shi ne miƙe raga. Ba walda ba, ba yanka ba. Ragar ƙarfe ce da ake kawowa a nannaɗe, wadda ake shimfiɗa wa manyan dish na kama tashoshin talabijin na wancan lokaci. Sai a miƙo min gudumar katako da gungume, a ce in bubbuga ta har ta kwanta, ba tudu ba kwari. In na gama sai ya zo ya rufe ido ya shafa da bayan hannu. Ko kamar ƙwayar gero ya ji ta taso, da ƙafa zai turo min ita ya wuce. Damina guda na yi ina wannan kafin ya bari in taɓa mariƙin walda. Ranar da na taɓa kuwa, na ɗage gilashin fuska don in ga abin da nake yi da kyau, sai na kwanta kamar an zuba min yashi a ido, ana ɗiga min madara.

Ina gaya muku wannan ne, ku da kuke shigowa shagona da waya a hannu kuna cewa aikin dish wasa ne, a nuna wa wayar sama ta faɗi inda tauraro yake, a ɗaure noti a sauko. Wannan ɗan farantin da kuke maƙalawa a bango, wanda bai fi murfin tukunya ba, ba shi nake kira dish ba. Sunana Talatu. Shinkafa da wake nake sayarwa a ƙofar wata masaƙa kafin in shiga sana'ar nan, ga 'ya'ya, ba miji. Maza sun yi ta taruwa suna kallona, wai mace da walda. Ban taɓa tanka musu ba. Wanda ya cika matsowa sai in goga sanda a ƙarfe, tartsatsi ya koma da shi baya.

Kayan aikin ba su da yawa. Injin walda, giranda, tukunyar gas, sipana, igiya da ƙusa na zana da'ira, sai wani katako da Malam Garba ya sassaƙa da hannunsa, wanda kowane haƙarƙarin dish sai ya bi lanƙwasarsa. Dish kunne ne. Duk abin da ya faɗo cikinsa daga sama dole ya taru a wuri ɗaya, a bakin ƙahon da ke karɓa. Haƙarƙari ɗaya ya karkace, sai hoto ya koma ɗige-ɗige kamar shinkafa a talabijin, kuma mai gida ba zai ce ƙarfe ne ya karkace ba, cewa zai yi don mace ce ta haɗa.

Akwai wani mai gidan kallon ƙwallo a Na'ibawa da muka yi wa dish. Bayan wata iska ya zo yana kumfar baki, wai rabin tashoshinsa sun ɓace, rabi suna nan lafiya. Na ɗauka waya ce ta tsinke. Malam Garba ya ce in hau in kama ƙahon in murɗa shi kaɗan, kada in taɓa komai bayan wannan. Na murɗa, sai na ji ihun 'yan kallo daga ƙasa. A hanyar dawowa ya yi min bayani. Ya ce saƙon da ke saukowa daga sama wani a tsaye yake zuwa, wani a kwance, kamar mai shigo da doguwar gora ta ƙofa. A cikin ƙahon akwai 'yar allura, kuma sai ta kwanta yadda saƙon ya kwanta sannan za ta ji shi. Wannan tsaye da kwance ku riƙe shi, don shi ne duk labarin da zan ba ku.

Lambobin da ke jikin ƙarfen saiti ne suka kai ni makaranta. Sai na roƙi wani ya karanta min, kuma wata rana wani ya faɗa min lambar ƙarya da gangan, na wuni a kan rufi ina neman tauraron da ba ya wurin, suna ƙasa suna dariya. Na haura arba'in lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci na bayan la'asar. Wannan rubutun da kuke karantawa da hannuna na yi shi, in kun ga gyara ku gyara a zuciyarku.

Sai mummunar shekara ta zo. Ƙananan faranti suka fara shigowa a kwali daga waje, kowa ya daina neman babba. A wannan tsakanin ne masaƙu suka yi ta rufewa a Challawa da Sharada, waɗanda suke ba mu aikin ƙofa da tanki suka watse. Malam Garba ya rasu. Na kwashe kayana na koma Sharada, kuma abin da ya riƙe ni shi ne yanka. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su ne suke ɗaukata in yanka musu matattun injina. Har dish ɗin da na haɗa da hannuna na yanka, ba ɗaya ba. Gas ba ya tambayar wanda ya yi abu.

A kan wannan aikin ne Alhaji Nasidi ya aiko a kira ni. Mahaifinsu ya rasu ya bar wani rufaffen kamfani a Sharada, kuma a filin bayansa akwai dish ɗin da ban taɓa ganin irinsa ba. Babbar mota za ta kwanta a cikinsa. Wasu 'yan sadarwa ne suka kafa shi da daɗewa suka tafi suka bari. Ba raga ba ce, farin ƙarfe ne sumul, a kan ginshiƙi mai tsayin bene. Magada sun shirya rabon gado, sun amince a sayar wa 'yan gwangwan, ni ce zan yanka. Ina zagaya shi ina duba inda zan fara, sai wata mata ta fito daga wani ɗan ɗaki da ke gindinsa, ta ce min in yi haƙuri kada in jingina da wannan wayar.

Ita ce Malama Rukayya. Tana koyarwa a wata jami'a a cikin gari, kuma marigayin ne ya ba ta izinin amfani da dish ɗin tun yana raye. Ta daɗe tana gyaransa, ta sa masa batir da sola, ta kawo kwamfuta. Alhaji Nasidi ya gaya mata a gabana cewa shi ba mugu ba ne. In wannan abu yana ganin wani abu da gaske, a nuna, ya kai maganar gaban magada. In kuwa ba a nuna ba kafin ranar rabo, za a yanka. Bayan ya tafi ta roƙe ni in ja ƙafa. Na ce mata ni ba na jan ƙafa, ranar da aka ce min ita ce rana. Sai ta tambaye ni ko zan iya yi mata zoben da zai riƙa juya ƙahon dish ɗin a hankali, ya tsaya daidai inda ake so.

Na ce, "Tsaye da kwance kike nema?"

Ta dube ni ta ce, "Inna, shi nake nema."

Na karɓi aikin biyu, kuma na gaya wa kowannensu, har da shugaban 'yan gwangwan. Wanda ya riga shi ne nasa.

Ga abin da take saurare, yadda ta gaya min, ni kuma na riƙe. Can nesa, bayan duk taurarin da ido yake gani, akwai wani gungun taurari da ba shi da suna sai lamba. A tsakiyarsa akwai abin da suke kira baƙin rami, mai haɗiye duk abin da ya matso. Amma ba duka yake haɗiyewa ba. Wani sai ya feso shi waje, siriri, dogo, da gudun da ya kusa na haske. Na ce mata kamar harshen wutar gas in an buɗe iska sosai. Ta ce haka, sai dai wannan tsawonsa ya fi gungun taurarin da kansa. Wannan feshin yana fitar da saƙo irin na rediyo, kuma ɗan kaɗan daga cikin saƙon yana da nasa kwanciyar. In ka san yadda ya kwanta, ka san yadda maganaɗisun da ya ɗaure feshin ya naɗe, a wurin da babu wanda zai taɓa zuwa. Don haka in an juya ƙaho, layin da ke kan kwamfuta zai hau ya sauka. In an kawar da dish zuwa inda babu komai aka juya, ba zai motsa ba. Wannan ita ce shaidar.

Zoben da na yi mata da haƙoran sarƙar babur na yi shi, da mariƙi irin na injin markaɗe. Ƙahon wannan dish ba a gaba yake ba kamar na gida, a tsakiya yake, kuma ta baya ake kama shi, a cikin wani akwatin ƙarfe da ke manne a bayan dish ɗin, can sama. Akwatin mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma a tsugune. Mun fara sa wa zoben ƙaramar mota ta lantarki mai juya shi, sai ta ce motar da kanta tana cika mata kunne, dole da hannu. Na yi alama huɗu a jikin zoben da ragowar fenti: ja, fari, kore, baƙi.

Matsalar ba zoben ba ce. Mu ne matsalar, mu masu walda. Duk lokacin da wani ya goga sanda a ƙarfe a Sharada, dish ɗin yana ji, layin ya yi tsalle kamar an taka wutsiyar mage. Ga injinan narka roba, ga janareta, ga adaidaita. Saƙon da take nema ya yi tafiyar da hankali ba ya ɗauka, ya iso a gajiye, sai mai gyaran ƙofa ya danne shi. Na ce ta yi da dare. Ta ce a wannan watan abin yana ƙarƙashin ƙasa da dare, da rana yake bi ta kanmu. Kuma dish ɗin ba a yi shi don yawo ba, wuyansa kaɗan yake juyawa, sai abin ya zo ta gabansa. Lahadi kuwa ba hutu ba ce ga mai walda.

Ita ce ta lura da Juma'a. Ta ce ta ga makonni a jere layin yana kwantawa lumui da zarar an yi kiran farko. Kowa ya kashe inji ya tafi masallaci, Sharada ta yi tsit. Abin kuma kullum yana ɗan riga jiya isowa, don haka Juma'a biyu kaɗai zai zo gaban dish a daidai lokacin salla. Ta biyun ita ce jajiberin rabo. Mu mata Juma'a ba ta wajaba a kanmu ba. Na ce to, an ba mu sa'a.

Juma'ar farko na hau akwatin tun kafin ladan ya kira. Ƙarshen damina ne, ƙarfen ya ɗau zafi, ga gumi. Na ji injina suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Lasifika ta ɗauki huɗuba. Malama ta buga ginshiƙi da sipana, alamar in juya, na kai ja. Ta sake bugawa, na kai fari. Sai na ji shiru ya yi yawa. Can ta fito ta ɗaga kai, fuskarta ta faɗa min kafin bakinta. Wani yana walda, kuma kusa, kuma ba ƙaramar walda ba. Na leƙa ta ƙofar akwatin. Ta kan katangar baya na hango shuɗin haske yana walƙiya a ƙarƙashin wata rumfa. Kafin in sauko an yi sallama.

Mun yi lissafin kowa da masallaci, mun manta da Bulus. Bulus mutumin kudancin Kaduna ne, tare muka yi koyo a wurin Malam Garba, shagonsa yana bayan katangar. Makonnin da Malama ta ga shiru ya je gida ne jana'iza. Kuma duk mai walda a Sharada ya san abin da ni na manta: in kowa ya kashe inji, wutar lantarki tana cika. Wutar da a sauran ranaku ba ta iya narka sanda mai kauri, a lokacin Juma'a sai ta zo da ƙarfinta. Shekara da shekaru Bulus yana ajiye manyan ayyukansa sai wannan lokacin.

Na same shi a cikin wani tankin mai da yake haɗawa, ƙarfe mai kauri. Na yi masa bayani. Ya fito yana share fuska, ya ce yanzu Talatu har ta bar dish na Alhazai ta koma na aljanu. Na ce masa aljanun sun fi shi jin magana. Ya ce mai tankin direbobi gare shi suna jira, ranar Juma'a da yamma za a ɗauka, kuma ɗinkin ƙasa ba ya yiwuwa da wutar ranar Laraba.

"Ku kuna da masallaci," in ji shi, "ni wannan lokacin ne nawa. Ban taɓa hana kowa salla ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban yi masa faɗa ba. Na ce zan jawo injina mai aiki da man dizal, wanda ba ruwansa da wutar layi, mu gama tankin tare kafin Juma'a. Ya ce in mun gama. Laraba da Alhamis a cikin tankin na yi su, shi ta waje ni ta ciki, hayaƙi har sai da na yi ta tofar da baƙi. Da yammacin Alhamis man ya ƙare, saura ɗinki guda, mai tsawon hannu. Ya ce ba komai, zai jira a idar da salla. Na dubi ɗinkin, na dube shi. Na san mai walda da ragowar aiki da cikakkiyar wuta a gabansa. Ko ni ce ba zan jira ba.

Shi kuwa Alhaji Nasidi da aka gaya masa lokacin, cewa ya yi ba zai bar Juma'a don kallon kwamfuta ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ya bari. Ya ce zai turo yayarsa, abin da ta gani shi ne. Da Malama ta ji haka ta yi murna, wai mace ce za ta fahimta. Ni ban yi ba. Yayar tasa, Hajiya Uwani, dillaliyar atamfa ce a kasuwar Kwari, ita ce babba a magadan, kuma ita ce ta fi kowa matsawa a sayar. Matar da ke gane jabun atamfa ta hanyar shinshinawa ba a burge ta da layi a gilashi.

Ranar Juma'a da hantsi na biya ta shagon Bulus. Yana cin ƙosai. Na gaishe shi, na kwance mariƙin waldarsa da wayarsa daga jikin inji, na naɗe a kafaɗa na fita. Ya biyo ni da ƙosai a hannu yana cewa wannan fashi ne da rana tsaka. Na ce ya zo ya karɓa bayan sallama, yana saman dish. Haka ya biyo ni har filin, ya zauna a kan wani bulo yana mita. A bakin ƙofa kuma motar 'yan gwangwan ta riga ta iso, sun zo ganin hanyar da za su shigo da ita gobe. Gabas ta fara haɗa hadari.

Hajiya Uwani ta iso ana kiran farko. Ta ƙi kujera. Malama ta fara yi mata bayanin baƙin rami, ta ɗaga mata hannu. Ta tambaya wane ne yake juya abin, aka ce ni. Ta tambaya wane ne yake faɗin inda za a juya, aka ce Malama. Ta ce to ai wannan kamar mai kaya ne ya auna wa kansa yadi.

"'Yar nan za ta zauna a ɗaki ta juya wa ƙofa baya," in ji ta. "Ni zan zaɓi fentin. In abin nan yana ji da gaske, ta gaya min inda Talatu ta tsaya ba tare da ta gani ba."

Malama ta ce tana buƙatar a zagaya sau ɗaya tukuna, ta ga tsayin kowane fenti. Hajiya ta ce sau ɗaya. Abin da Malama take nema ƙanƙane ne a kan babban layi, kamar a ce ka gane an ƙara cokali ɗaya a buhun sukari. Ba ta taɓa gwada shi a fili ba, ko sau ɗaya, don ba ta taɓa samun shiru ba.

Na hau. Tsanin ya ci tsatsa, wani matakin yana motsi, sai Bulus ya tashi ya riƙe min ba tare da an ce masa ba, yana cewa in na faɗo da mariƙinsa zan faɗo. Na shiga akwatin na tsuguna. Injina suka yi ta mutuwa. Na ƙarshe wani giranda ne can wajen titi, ya yi ta kuka har na fara zaginsa a zuci, sannan ya tsaya. Liman ya fara huɗuba.

Muka zagaya. Ja, fari, kore, baƙi, kowanne sai na tsaya na riƙe numfashi, don ko jijjiga ba a so. Sannan aka kawar da dish ɗin gefe, na ji duk akwatin ya karkata da ni, muka sake zagayawa a kan sama marar komai. Aka dawo da shi. Kafin nan liman ya zauna ya tashi, ya shiga huɗuba ta biyu. Iska ta fara kaɗawa mai sanyi, irin wadda ke gaba da ruwa. In ruwa ya sauko layin zai rikice, in kuma aka fara tsawa, ina cikin akwatin ƙarfe a saman ƙarfe mafi tsayi a unguwar.

Hajiya ta tsaya a inda nake hango ta. Ta raɗa wa Bulus, shi kuma ya nuna min da hannu: ya taɓa wani gawayi da ke ƙasa. Na kai baƙi. Muka jira. Ban san jira yana da nauyi haka ba. Daga ɗaki muryar Malama ta fito, ta ce baƙi. Hajiya ta sake raɗawa, Bulus ya tsinko ganye. Na kai kore. Wannan karon Malama ta daɗe. Ta ce kore da fari sun kusa da juna, a ba ta lokaci. Hajiya ta ce lokaci na liman ne. Aka ta da iƙama. Sannan Malama ta ce kore.

Aka yi kabbara. Ɗigon farko ya bugi dish ɗin, na ji shi kamar an jefa tsakuwa a faranti. Hajiya ta sake raɗa wa Bulus. Ya dube ta, ya dube ni, ya sake ɗaga ganyen nan. Sai Hajiya ta ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki, ta ce Talatu ta juya, an canza. Na gane abin da take yi. Na cire hannuna daga mariƙin gaba ɗaya, na rungume gwiwa.

Liman ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya tashi raka'a ta biyu, Malama ba ta ce komai ba. An gaya mata an juya, kuma babba ce ta faɗa. Tana da fenti uku da za ta zaɓa, kuma kowanne ta zaɓa an gama. Na ji ƙugin hadari can gabas. Ina so in buga ƙarfe in yi mata alama, sipana tana kusa da ƙafata. Ban taɓa ta ba. Da na buga, da Hajiya ta ji, kuma da ta yi daidai in ta ce a yanka.

Ana zaman tahiya muryar Malama ta fito, a hankali.

"Hajiya, ku yi haƙuri. Bai motsa ba."

Hajiya ta ce ta sake dubawa, da idonta ta ga an juya.

"Na duba. Ko dai zoben ya kuɓuce, ko ba a juya ba. Yana kan kore."

Aka yi sallama. Na sauko ana yayyafi, Bulus ya karɓe mariƙinsa tun ban taka ƙasa ba, ya ruga ya ci ragowar wutar kafin mutane su dawo. Ba a jima ba shuɗin haske ya tashi a bayan katanga. Sai giranda, sai janareta, Sharada ta farka.

Alhaji Nasidi ya shigo da dardumarsa a kafaɗa, shugaban 'yan gwangwan yana biye da shi. Ya wuce kai tsaye ɗakin ya tsaya a kan kwamfutar. Layin yana ta hauka, sama da ƙasa, ba abin da mutum zai gane. Malama ta fara nuna masa abin da aka ajiye, ya ce shi wannan zane ne kawai, kowa zai iya zanawa. Ya juya wurin yayarsa ya ce, "Yaya, me kuka gani?"

Hajiya Uwani tana tsaye a bakin ƙofa tana gyara mayafi. Ta ce ita ba ta ga rami ba, ba ta ga feshi ba, kuma ba za ta ce ta gani ba. Abin da ta sani shi ne ta yi wa yarinyar nan ƙarya a kunne, abin da ke sama ya gaya mata gaskiya, ta bi na sama. Alhaji ya ce to amma sauran magada sun riga sun sa rai, kuma ga mutane sun zo da mota. Ta ce ta sani.

"A sa shi a rabona, da filin da yake kai. Fegin Zawaciki da nake ta magana a kansa, na bar muku."

Wannan fegin shi ne abin da suka daɗe suna ja a kansa, kowa a gidan ya sani. Shugaban 'yan gwangwan ya dube ni ya ce yanzu aikin gobe fa, Talatu. Na ce masa ya ji da kunnensa, mai kaya ta hana. Ya ce na ci amanarsu. Na ce tun farko na gaya masa aiki biyu na karɓa. Ya fita yana ƙunƙuni, kuma daga ranar bai sake kirana yanka ba, shi da mutanensa. Malama ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta rufe fuska da hannu biyu.

Ruwan ya sauko sosai. Muka fake a ɗakin, mu uku, ana jin dish ɗin yana amsa ruwa kamar ganga. Hajiya ta tambayi Malama yaushe abin zai sake bi ta kanmu a lokacin salla. Ta ce sai baɗi war haka. Hajiya ta leƙa waje ta daɗe tana kallon ginshiƙin, sannan ta juyo gare ni.

"Ke Talatu, wannan tsanin na mutuwa ne. Ki yi min wani mai faɗi, da abin riƙewa. Baɗi ni zan juya."

Na dube ta daga sama har ƙasa, na ce to sai an faɗaɗa akwatin ma, Hajiya. Ta ce a faɗaɗa.